Yadda ake zaɓar tsarin bakof na sabar makaranta a nan Jos

Wannan bayanin na ɗan'uwa ne da aka damƙa masa ɗakin kwamfuta a makaranta, ko malamin kwamfuta ne kai, ko ɗan bautar ƙasa, ko kuma kawai an ga ka fi kowa iya taɓa na'ura sai mai makaranta ya ce toh daga yau saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan makaranta, tana hannunka. Na jima ina wannan aikin a makarantun kuɗi da islamiyyu na cikin gari da Bukuru, kuma tambaya ɗaya nake zaɓar bakof, wato kwafin bayanai da ake ajiyewa don ranar da na asali ya ɓace, da ita: ranar da sabar nan ta ƙi tashi, me zan iya dawowa da shi, kuma cikin awa nawa? Sunan kamfani da kyan akwati duk daga baya suke zuwa.

Kayan da za ka tanada

- Littafi da biro, da gaske nake, akwai abubuwan da dole a takarda za su zauna.
- Had dis na waje mai USB 3.0 aƙalla guda biyu, uku ya fi. Kowanne ya ninka abin da ke cikin sabar sau biyu zuwa uku.
- Filashi mai giga 8 ko 16 wanda za a maida shi na tada na'ura idan Windows ya mutu. Ba a saka komai a ciki bayan wannan.
- UPS mai kebul ɗin USB da ke magana da saba, da soket mai kariyar tsawa.
- Wata kwamfuta ko laftof da babu mai aiki da ita, ta gwaji.
- Manhajoji biyu na kyauta, CrystalDiskInfo da H2testw.
- Idan akwai kuɗi, NAS, wato ƙaramin akwatin ajiya da ake jonawa a netwok, da dis biyu a ciki.
- Alƙalamin maka na rubutu da ambulan biyu.

1. Fara sanin me ke cikin sabar

Kar ka sayi komai tukuna. Zauna gaban sabar da littafinka ka rubuta duk abin da take ɗauke da shi: manhajar sakamako da makin gwaji, rikodin kuɗin makaranta, albashin malamai, hotunan ɗalibai da takardun rajistar WAEC da NECO, tambayoyin CBT, folda ɗin da malamai ke zuba darasi. Gaban kowanne ka rubuta girmansa da wanda ke amfani da shi.

Daga nan ka tashi ka zaga ofis ofis, domin a yawancin makarantun da na shiga abu mafi tsada ba ya kan saba sam, yana kan laftof ɗin bosa mai kula da kuɗin makaranta ne a fayil ɗin Excel guda ɗaya da yake ta ƙara layi a ciki shekara da shekaru, ko a filashin jami'in jarrabawa da ke rataye da makullin mashin ɗinsa. Ka tambaye su a hankali, Malam ina kake ajiye lissafin nan, kar ka yi kamar bincike ka zo. Duk abin da ka samu ko dai a maido shi kan saba ko a saka wannan na'urar cikin jerin masu bakof.

Sai ka raba su gida uku. Wanda in ya ɓace makaranta ta shiga uku, kamar sakamako da kuɗi. Wanda za a sha wahala amma a sake haɗa shi, kamar darussa. Da wanda ba komai, kamar bidiyon bikin yaye ɗalibai da aka kwafa sau huɗu da fina-finan da wani ya ɓoye a folda mai suna New Folder. Abin da zai ba ka mamaki shi ne gida na farko sau da yawa bai wuce giga 10 zuwa 20 ba, bidiyo da hotuna ne suka cika dis ɗin. Wannan lissafin shi zai rage maka kuɗi a gaba.

2. Tambayoyi biyu ga mai makaranta

Je ka samu mai makaranta ko shugaba, kar ka kai musu maganar terabait, ba za su saurara ba. Ka ce Alhaji ko Hajiya, idan na'urar nan ta mutu yau da azahar, aikin kwana nawa za mu iya jure sake shigarwa da hannu? Na biyu, kwana nawa makaranta za ta iya zama babu ita?

Amsar tana canzawa da lokaci. A tsakiyar zango aikin kwana ɗaya ba wani abu ba ne. Amma satin haɗa sakamako, lokacin da malamai talatin ke shigar da maki har magariba kuma iyaye na jiran katin ranar Juma'a, ko satin da aka dawo hutu ana ta karɓar kuɗin makaranta, a nan aikin rabin yini ma asara ce babba. Idan kuma kuna da cibiyar CBT to lissafin na awa ne. Rubuta amsar a littafi su gani da idonsu, don ranar da ka kawo takardar kuɗin dis da ita za ka kare kanka.

3. Duba wuta da netwok kafin manhaja

Bakof ɗin da aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu ba abin dogaro ba ne, kuma yankewar wuta bagatatan ita ce ta fi lalata databes, wato ma'ajiyar bayanan manhaja, a makarantunmu, masu amfani da XAMPP, manhajar da ke tafiyar da databes ta MySQL, sun san wannan saƙon na MySQL ya mutu ba zato. Saboda haka UPS ba ado ba ne. Jona kebul ɗinsa na USB da saba ka saita ta kashe kanta da kyau idan batir ya yi ƙasa. Cire filogi daga bango ka gani da idonka minti nawa yake riƙewa, batirin UPS na gajiya bayan shekara biyu ko uku kuma ba ya sanarwa. Idan makaranta na da inbata da sola, a ja wa saba da NAS layinsu daban, kar a haɗa su da layin da ake jona hita lokacin sanyi.

Sai tsawar Jos da damina, wadda ba ta wutar bango kaɗai take shigowa ba, tana bin kebul ɗin netwok daga eriyar da ke kan rufi ko kebul ɗin da aka ja daga wannan gini zuwa wancan, ta ƙona suwic, akwatin da kebul ɗin netwok ke haɗuwa a ciki, da duk abin da ke jone da shi. A kira mai gyaran wuta ya duba atin na ginin, wato wayar da ke kai rarar wuta cikin ƙasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa kwafi ɗaya dole ya zama a cire yake, ba ya jone da komai.

Duba suwic ɗinka kuma. Na gigabit yana tura kusan mega 110 a sakan, tsohon mai megabit 100 kuwa kusan mega 11 ne, kenan giga 500 da za ta wuce cikin awa ɗaya da rabi a na farko za ta ci sama da awa 12 a na biyu, jen ba zai jira ka ba.

4. Zaɓi tsarin da ya yi daidai da aljihun makarantar

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanan har da na kan saba, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Duk tsarin da za ka zaɓa ka auna shi da wannan.

Kafin nan, akwai abubuwa biyu da ake ce musu bakof alhali ba shi ba ne. Na farko RAID, wato dis biyu a cikin saba suna rubuta abu ɗaya. Mai sayar da na'ura zai ce maka ai tana da dis biyu ba ka da matsala. RAID kamar rasit mai kabon ne, abin da ka rubuta a sama shi zai fito a ƙasa har da kuskuren, in an goge fayil ko bairos ya cinye shi to a duka biyun ya tafi. Amfaninsa kawai idan dis ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba. Na biyu folda mai sinkin, wato mai daidaita kanta da Google Drive ko OneDrive, ita ma gogewa tana bin ta har can, kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu sannan ya zubar. Haka raba dis ɗaya zuwa C da D ka kwafa daga wannan zuwa wancan, ƙarfe ɗaya ne, tare za su mutu.

Tsari na farko, na ƙaramar makaranta mai saba ɗaya. Dis na waje biyu ko uku da ake juyawa, da Veeam Agent for Microsoft Windows na kyauta. Shi na fi ba mutane shawara domin yana ɗaukar na'urar gaba ɗaya, Windows da manhajoji da saiti, yana haɗa maka filashin tada na'ura, kuma yana da zaɓin ya cire dis ɗin da kansa da zarar ya gama. Ranar farko zai kwafi komai, bayan nan abin da ya canza kawai yake ɗauka, minti kaɗan ya gama. Idan ba ka son saka wata manhaja, Windows Server Backup na nan a cikin Windows Server kyauta, amma ka san halinsa biyu: idan ka ba shi dis a matsayin nasa na kansa zai goge duk abin da ke ciki, idan kuma ka tura shi folda ta netwok kwafi ɗaya tak yake riƙewa, na yau ya danne na jiya. Wannan na biyun ya cuci mutane da yawa.

Tsari na biyu, makaranta mai saba ɗaya ko biyu da kwamfutocin ofis da dama. A nan NAS ya dace. Synology na da Active Backup for Business ba kuɗin lasisi, daga allo ɗaya kana ganin saba da laftof ɗin bosa da na shugaba, wanne ya yi bakof wanne bai yi ba, sai dai ba kowane samfuri ke ɗaukarsa ba, ƙananan masu harafin j a ƙarshe ba sa yi, nemi masu alamar + ka duba jerin a shafinsu kafin ka biya. NAS ɗin kuma kar ya zauna a kan tebur ɗaya da saba, kai shi ofishin shugaba ko wani ginin, sannan duk sati a kwafe shi zuwa dis na waje.

Idan kuɗin NAS ya gagara, tsohuwar kwamfutar tebur mai lafiya da sababbin dis biyu za ta yi aikin, ka saka mata TrueNAS ko UrBackup, duka kyauta ne. Sharaɗin shi ne akwai wanda zai zauna ya koya, kuma ba zai bar makarantar wata uku masu zuwa ba.

Tsari na uku, masu saba ɗaya da aka raba ta da manhaja irin Hyper-V ko Proxmox tana aiki kamar na'urori da yawa. Idan Hyper-V ne, Veeam Backup & Replication Community Edition kyauta ne har na'ura 10. Idan Proxmox ne, Proxmox Backup Server a kan wata na'ura daban. Sabar Linux kuma restic ko BorgBackup sun wadatar.

Ra'ayina dai, yawancin makarantun da ke Anguwan Rogo, Nasarawa, Bauchi Road da Tudun Wada tsari na farko ya ishe su in an riƙe shi da gaske. Na fi yarda da dis biyu da mutum ɗaya ya fahimta sarai a kan akwati mai tsada da babu wanda ya san fasuwod ɗinsa.

5. Sayen dis da gwada shi

Ko a shagunan Ahmadu Bello Way ka saya, ko ka aika Banex a Abuja, ka karɓi rasit mai lambar siriyal. Dis na bakof ba wurin neman araha ba ne, na hannu ya tafi ɗakin ɗalibai. Jona shi ka buɗe CrystalDiskInfo, duba awannin da ya yi yana aiki, sabo bai kamata ya nuna dubbai ba, idan kuma ya nuna launin ɗorawa maimakon shuɗi mayar da shi ranar. Sai H2testw, ya cika dis ɗin ya karanta, zai ɗauki awanni amma shi ke tona asirin na jabu, irin filashin da aka rubuta 2TB a jiki alhali cikinsa giga kaɗan ne, yana nuna ya karɓi fayil amma in ka zo buɗewa babu komai.

Kar ka tsorata idan dis mai 2TB ya nuna 1.81 a Windows, ko mai 4TB ya nuna 3.63, bambancin lissafi ne kawai. Yi masa fomat zuwa NTFS, FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Na cikin NAS ka nemi waɗanda aka yi don wannan aikin, WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Rubuta A, B, C da maka a jikinsu da ranar da aka saya.

6. Databes daban take

Nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Manhajar sakamako tana ajiye komai a databes ne, MySQL ko SQL Server, kuma idan ka kwafi folda ɗinta da hannu tana tsakiyar aiki za ka samu fayiloli da girmansu daidai, ka ji daɗi, ranar buƙata su ƙi buɗuwa. Dole databes ta fitar da kwafinta da kanta. A MySQL umarnin shi ne

mysqldump -u root -p sunan_databes > sakamako.sql

ko ka shiga phpMyAdmin ka danna Export. Saka umarnin a Task Scheduler, mai tsara lokacin aiki na Windows, ya riƙa yi kullum minti 15 kafin babban bakof, da kwanan wata a sunan fayil ɗin, don kar na yau ya danne na jiya. SQL Server Express ba shi da mai tsara lokaci a cikinsa, shi ma ta Task Scheduler da sqlcmd za ka bi. Kar ka manta folda ɗin hotunan ɗalibai, sau da yawa a wajen databes take.

Idan wani ne ya sayar muku da manhajar, kira shi ka tambaye shi abu uku: ina bayanan suke zaune, yaya ake fitar da su, kuma in an canza na'ura lasisin zai tashi ko sai ya zo da kansa. Idan manhajar a intanet take gaba ɗaya, duk ƙarshen zango a sauke sakamako da lissafin kuɗi a Excel da PDF a ajiye a gida, kamfani na iya rufewa ko a samu saɓani kan kuɗi. Masu Active Directory, tsarin Windows mai riƙe sunayen shiga na kowa, kuma su tabbata System State, wato saitin Windows ɗin kansa, na cikin abin da ake ɗauka.

7. Lokacin yi da tsawon ajiya

Manhajojin nan galibi da dare suke zuwa a saite, domin inda aka ƙera su wuta ba ta tafiya. Mu kuwa ana tashi ake kashe jen a rufe ɗaki, sai ka tarar wata biyu babu bakof ko ɗaya kuma ba wanda ya lura. Maida shi lokacin da ka tabbata akwai wuta da mutum a wurin, kamar lokacin tara ko awa ɗaya kafin tashi. Satin haɗa sakamako a yi sau biyu a rana.

Tsawon ajiya kuma ka auna shi da dogon hutu. Misali wani ya danne makin JSS 2 da na wani aji a ƙarshen Yuli, babu mai ganewa sai an dawo a Satumba uba ya zo da ƙorafi, idan kwafin sati biyu kawai kake riƙewa to duk waɗanda ke hannunka masu kuskuren ne. Ni ina riƙe na kullum na kwana 14, na sati sati na wata uku, sannan na ƙarshen kowane zango ba a goge shi har abada, domin tsohon ɗalibi zai dawo bayan shekara goma neman takardar shaida. Wannan na zangon ƙarami ne, gida na farko kawai, a ajiye shi a wuri biyu.

8. Raba bakof da masu garkuwa da fayil

Akwai bairos da ke kulle duk fayilolin na'ura ya bar takardar neman kuɗin fansa, kuma makarantu na cikin waɗanda ake hari, a 2022 masu irin wannan bairos sun shiga hukumar makarantun gwamnati ta Los Angeles a Amurka, hukumar ta ƙi biya suka watsa bayanan a intanet. Mu nan ƙofar shigarsa filashin ɗalibai ne da manhajojin sata da ake saukewa. Abin da ya kamata ka sani shi ne duk inda sabar ke iya rubutu shi ma yana iyawa, dis ɗin da ke jone dare da rana da folda ta NAS da aka maƙala a matsayin Z duk zai bi su ya kulle.

Don haka dis ya gama a cire shi, kullum akwai ɗaya a durowa. NAS ya samu sunan shiga da fasuwod nasa daban da na saba, kar a haɗa shi da domen na Active Directory, a kashe asusun admin da ya zo da shi, kar a buɗe shi ga intanet, a kunna sinafshot a ciki wanda ke riƙe yadda fayiloli suke jiya da shekaranjiya ta yadda kwamfutocin netwok ba sa iya taɓawa. Idan suwic ɗinka na iyawa, raba layin ɗakin ɗalibai da na ofis.

Ka kulle dis ɗin da zai fita waje, da BitLocker, makullin dis na Windows, ko da fasuwod na cikin manhajar bakof ɗin. Sunayen yara ne a ciki da hotunansu da adireshin gida da lambobin iyaye, amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa makaranta alhakin tsare su, har da sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane. Makullin ceto na BitLocker lamba 48 ne, buga shi a takarda, ambulan ɗaya wajen mai makaranta ɗaya wajen shugaba. In ya ɓace babu mai gyaran da zai buɗe maka, ko a Legas.

9. Kwafin da ke wajen makaranta

Duk ɗan Jos ya san gobarar kasuwar Terminus ta 2002 da ambaliyar Rikkos da Gangare ta 2012, ga ɓarayi da ke kwashe duk abin da ke ɗakin kwamfuta har da dis ɗin da ke kan saba, ga dokar hana fita da kan sa a yi kwanaki ba a isa makaranta ba. Kwafi ɗaya ya kwana a wata unguwa. Duk Juma'a dis A ya tafi gidan mai makaranta, B ya dawo Litinin, a rubuta a littafi wa ya ɗauka. A saka shi a jaka mai soso, had dis ba ya son faɗuwa ko jijjigar keke, in da hali na yawon ya zama SSD, dis ɗin da babu abin da ke juyawa a cikinsa. Amma SSD ba na jefawa a durowa shekaru ba wuta ba ne, na dogon ajiya had dis ya fi, shi ma a riƙa jona shi ana dubawa duk zango. A kiyaye shi daga ƙurar hunturu da danshin damina.

Kilawud kuma, wato ajiya a intanet, yi lissafi kafin ka yi alkawari. Saurin turawa ake dubawa ba na saukewa ba. A kan megabit 5 a sakan, giga 100 na cin kusan awa 44, giga 20 kusan awa 9, ga kuɗin data. Shi ya sa na ce ka raba bayanan gida uku, gida na farko kaɗai za ka tura, a dunƙule a kulle, fayil ɗin databes in an matse shi sau da yawa bai kai girman bidiyo ɗaya na waya ba. Google Workspace for Education na ba makarantun da suka cancanta terabait 100 na haɗaka kyauta, sai dai kuna buƙatar domen na intanet, wato adireshin shafin makaranta, da takardun rajista. Backblaze B2 da Wasabi suna da araha amma da dala ake biya, a saka shi a kasafin shekara don kar kati ya ƙi wucewa a rufe asusun. rclone ko Duplicati za su yi maka turawar. Ko Starlink kuke da shi, dis na gida yana nan daram, domin dawo da giga 500 daga intanet ba aikin yini ɗaya ba ne.

Dan Allah kar a buɗe asusun da Gmail ɗin wani malami ko lambar wayar ɗan bautar ƙasa. Ya gama hidima ya koma garinsu, lambar tabbatarwa na zuwa wayarsa, makaranta ta zama baƙuwa a kayanta. Imel na makaranta, layin waya na makaranta.

10. Gwada dawowa da shi

Alamar kore a allo cewa kawai take an rubuta wani abu, ba ta ce zai buɗu ba. Duk Litinin ka leƙa rahoton, ka duba kwanan watan na ƙarshe da girmansa, bakof ɗin da jiya giga 40 ne yau ya koma mega 2 akwai magana. Duk wata ka zaɓi fayil ɗaya da ka, ka dawo da shi wata folda ka buɗe. Fayil ɗin databes ka loda shi a laftof ɗin gwaji, ka shiga manhajar ka nemi ɗalibi ɗaya ka buga katinsa ka gwada da na gaske.

Sau ɗaya a zango, lokacin hutu, yi babban gwajin. Ɗauki kwamfutar gwaji, cire ta daga netwok tukuna don kar ta yi karo da sabar gaske, tada ta da filashin nan, ka dawo da sabar gaba ɗaya daga dis ɗin da ya kwana a waje, kana duba agogo. A nan ne za ka gano filashin bai ga dis ba saboda rashin direba, manhajar da ke sa na'ura ta gane dis, ko fasuwod ɗin da ke ambulan tsoho ne, ko lasisin manhaja ya ƙi tashi. Idan ya ci awa tara alhali Hajiya ta ce awa uku za a iya jira, koma mataki na 4 ka canza tsari. Idan babu kwamfutar gwaji, VirtualBox, manhajar da ke buɗe wata kwamfuta a cikin kwamfuta, a kan laftof mai isasshen wuri zai yi. Abu ɗaya da ba a yi shi ne gwaji a kan sabar da ake aiki da ita.

11. Rubuta shi a shafi ɗaya ka koya wa mutum na biyu

Shafi ɗaya ya isa: me ake ɗauka, ƙarfe nawa, wane dis ke ina a wane sati, ina filashin tada na'ura, wa ke riƙe da ambulan, matakan dawowa ɗaya bayan ɗaya, da lambar wanda za a kira. Fasuwod ba ya shiga wannan takardar. Manna ɗaya a cikin ƙofar kabad ɗin saba, ɗaya a fayil ɗin shugaba. Sai ka samu malami ɗaya mazaunin makarantar, ka miƙa masa takardar ka koma gefe ka yi shiru, ya dawo da fayil ɗaya da kansa. Duk inda ya tsaya yana tambayarka, wannan layin ne bai fito ba, gyara shi a take ku sake gwadawa.